Gonar Mijinyawa a Simsim

Shekara goma sha biyu Mijinyawa yana yankan riɗin wasu a Simsim, ba abin da ke bakinsa sai gonar kansa mai tarakta. Yana sallah yana auna ta, yana cin tuwon asida yana auna ta. Matarsa Hannatu takan ce, "Baban Ruqayya, gonar nan da babu ita ta fi mu zama a gidan nan."

Da rana tsaka ya iske wani boka a busasshen rafi bayan Gedambaliya. Bukkar kara ce, ƙahon baƙin bunsuru rataye a ƙofa. A ciki ga tulu cike da riɗi yana tafasa, ba wuta a gindinsa.

Bokan ya ce, "Ya zol, bawan Allah, me ka kawo mini?"

"Ba ni da komai."

"Kana da hankali. Gonar za ta cika maka gida, amma duk wanda ya ɗauke hankalinka daga kanta, za ta ɗauke shi."

Mijinyawa ya yi dariya. "Ai dama can yake kwana."

Bokan ya ɗebo masa ƙwayar riɗi bakwai masu zafi daga tulun, ya haɗiye.

Damina biyu, sai ga gona ta samu, motocin lorinsa suna tare hanyar kasuwar Gadarif. Ranar yanka, ranar da riɗi ba ya jiran kowa, aka aiko masa cewa Ruqayya na zazzaɓi. Ya saki lauje, ya tsaya yana tunanin 'yarsa. Kafin la'asar aka binne ta. Wajen makoki ƙanensa Husain ya rungume shi, Mijinyawa ya ji kewar yarintarsu. Washegari Husain ya haukace, aka ɗaure shi da igiya yana cin ƙasa.

Nan ya gane. Saura Hannatu.

Ya koma gona da zama. Duk lokacin da fuskarta ta faɗo masa, sai ya durƙusa yana tsintar riɗi cikin tsagin ƙasa, ƙwaya ƙwaya, har ta gushe. 'Yan aiki suka watse, motocin lori suka yi tsatsa, ciyawa ta cinye gonar. Shi yana nan durƙushe.

Kullum Hannatu na kawo masa kisra, wainar dawa.

"Baban Ruqayya, dube ni ko sau ɗaya."

"Baiwar Allah, matsa. Kin taka min riɗi."

Tana nan da ranta har yau.

Kai da kwaɗayin abu guda ya cika wa zuciya har ba ka ganin mutanen gidanka, je ka Simsim ka gan shi, tun kana iya ɗaga kai.