Mai Duba Bangon Gwaggo Ladidi

Ku matso kusa. Nafi'u, kashe wayar nan. Wanda ya san ba zai iya fita fitsari shi kaɗai ba, ya tashi tun yanzu.

Gwaggo Ladidi, yayar babana, kun san nas ce. Da ta yi ritaya, duk abin da aka ba ta a gini ta zuba shi, can bayan gari inda aka yanka sababbin filaye. Ta tare da jikokinta biyu, marayu. Wani yaron kamfanin inshora mai zaƙin baki ya yi ta zarya har ta sa gidan a hannunsu. Ya ce, "Hajiya, ko ƙusa ce ta faɗo, mu ne."

Damina ɗaya, bangon gabas ya tsage. Ɗakin yara. Siririyar tsaga, kamar zare. Ta sa magini ya shafe, tsagar ta dawo. Sai ga wata a bangon yamma, daidai saitin ta farko. Suka yi ta buɗewa, har kana iya zura hannu.

Gwaggo ta tafi ofishinsu.

Ma'aikacin ya ce, "Gobara ce, Hajiya?"

"A'a."

"Ambaliya? Ko iska ce ta yaye rufi?"

"Ɗan nan, bango na ce maka ya tsage."

"To ai in ƙasa ce ta zauna, ko magini ya rage siminti, ba ya cikin abin da muke biya."

"In ya faɗo wa jikokina fa?"

"Allah ya kiyaye. Za mu turo mai dubawa."

Yau, gobe. Manaja ya yi tafiya. Mota tana gareji. Mai zaƙin bakin nan ya daina ɗaukar waya. Gwaggo ta kwashe yara ta mayar falo, ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Ko ƙadangare ya gitta sai ta zabura ta dubi bango.

Ran nan, rana tsaka. Kun san lokacin. Ko kaza ba ta motsi. Yara suna makaranta, ita kaɗai. Sai sallama.

Dogon mutum. Farar riga har ƙasa. Ya ce, "Na zo kan maganar bango."

Ko amsa gaisuwa ba ta yi ba. "Sai yau? Sai da takalmina ya cinye? Shigo ka gani da idonka!"

Ta wuce gaba tana faɗa, yana biye. Ɓacin rai ya rufe mata ido. Sai da suka tsaya a ɗakin yara ta lura da abu ɗaya. In ya yi magana, bakinsa yana gama motsi, sannan muryar ta iso. Kuma ba daga bakin take fitowa ba. Daga cikin tsagar.

Ta sunkuyar da kai. Magini ya yi ɗanyen daɓe a bakin ƙofa da safe, baƙon ya taka. Ba sawun takalmi ba ne. Kofato ne, rabe biyu, faɗin faranti.

Ummi, saki hannuna, kina ji mini ciwo.

Gwaggo ta fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Ta kai tsakiya, ta kakare.

Ya ce, "Ƙarasa. Mu ma muna karantawa."

Ta kasa.

Ya ce, "Ke kike ƙorafi? Mu fa? Hanyarmu ce nan, zuwa rafi. Tun ba a haifi kakar kakarki ba. Kin zo kin gitta mana bulo. Tsofaffinmu a karkace suke ratsawa. Mun ƙwanƙwasa, ba ki ji ba. Mun zo miki cikin barci, kin sha magani kin juya. Mun buɗe, kin kira mai shafe."

Kun san Gwaggo. Bakinta ba ya mutuwa. Ta ce, "To ni ina zan sa kaina? Mutane sun hana ni, ku ma kun taso ni. Marayu gare ni, bawan Allah. Ba ni da wani gida."

Ɗakin ya yi sanyi.

Ya ce, "Ba mu ce ki tashi ba. Ki buɗe mana hanya. Faɗin jaki da kayansa. Kafin ruwan ƙarshe."

Ya miƙa mata curin jar ƙasa, sanyi kamar ƙanƙara. "Ki haɗa a kwaɓi."

Sai ya juya gefe, ya shige cikin tsagar.

Na'am, Nafi'u? Yaya mutum zai shiga tsaga? Yaushe na ce maka mutum ne?

Washegari ta kira magina. Aka fasa daga gabas zuwa yamma. Ɗakin yara ya tafi ɗungurungum, ya zama lungu a tsakiyar gida. Tana tsaye tana kallo, tana share hawaye da gefen mayafi. Aka yi shafe da jar ƙasar nan. Har yau ko zare bai sake fitowa a jikin ginin ba.

Ƙura ba ta gama kwanciya ba, sai ga mai dubawa na gaskiya a kan babur. Ya leƙa lungun, ya ce, "Hajiya, wa ya rushe nan?"

"Ni."

"Ai shi ke nan. Abin da mai gida ya rushe da hannunsa ba ma biya. Wa ya ba ki wannan shawara?"

Ta dubi ƙafarsa. Takalmi sau-ciki, ya sha mai. Ta ce, "Wanda ya fi ku cika alkawari." Ta tura ƙyaure.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In aka aike ku gidan Gwaggo da rana tsaka, kada wanda ya yanke ta lungun nan shi kaɗai. Ku zagaya, ko da rana za ta ƙona ku. In kuwa tsautsayi ya sa kun shiga, kuka ji iska mai sanyi ta taho, ku manne da bango, ku yi sallama, ku ba da hanya.

Kada ku dubi ƙasa.