Kular da Ta Dawo da Fura

Ina tsugune a kasuwar Daura ina zaɓen tattasai aka dafa kafaɗata. Ummukulsum ce, matar Kalilu, wanda shagonsa yake manne da na mijina a layin masu sayar da kayan gyaran babura. Ta rungume ni kamar mun shekara ba mu haɗu ba.

"Maman Dindu, miyar agushin nan taki ta raba maigidana da tuwona. Yau kwana tara da ita yake buɗa baki."

Na ce wace miya kuma?

"Wadda kike zuba wa Baban Dindu a kula mana. Tunda yana azumi, ai Kalilu yake miƙa wa. Wallahi mun yi murna da musuluntarsa, mun kuma yaba miki da ba ki ta da hankali ba…"

Ban san lokacin da tattasan ya zube daga hannuna ba. Ummukulsum ta dubi fuskata, ta kama bakinta. A nan ta gane ita ce ta fara gaya mini.

Sunana Nwanneka. Ibo ce ni, Kirista, amma a Daura aka binne cibiyata, kuma in ina faɗa Hausa ce take fara zuwa bakina. Mijina Chimaobi, wanda nake kira Obi, daga Nnewi ta ƙasar Ibo ya zo. Shekara tara ke nan da aka ɗaura mana aure a coci, muna da 'ya ɗaya, Chimdindu, muna kiranta Dindu. Ina son mutumin nan, ba na ɓoyewa. Shi ne wanda in na yi fushi zai zauna ya yi ta gyara fankar da ba ta lalace ba, har sai na gaji na yi dariya.

A hanyar gida na yi ta zagin kaina. Shekara tara ina zuba masa abincin rana a kula, shekara tara tana dawowa da datti, cokali a ciki. Sai ga shi kwana tara a jere tana dawowa a wanke tas, yau da curin fura, gobe da dabino. Na tambaye shi, ya ce masu sayayya ne suke ba shi. Ni kuwa uwar wauta na yarda, har ina dama furar ina sha! Ni da aka haifa a garin nan, na fi kowa sanin Bahaushiya ba ta mayar da kwanon mutane babu komai a ciki. Daga baya na ji har roƙon Kalilu ya yi a riƙa dawo da ita wayam, Ummukulsum ta ce ba za a ja mata abin kunya ba.

Da ya dawo na ajiye kular a gabansa, na ce ya faɗa mini wa yake cin abincina.

Bai yi musu ba. Ya ce wata huɗu ke nan. Ba wanda ya matsa masa, ba wanda ya yi masa alkawarin komai. Shekaru ya yi yana saurare yana tunani, zuciyarsa ta tsaya a can. Ya buɗe baki zai ƙara, na ɗaga masa hannu.

"Wata huɗu, Chimaobi? Matar maƙwabci ta sani, ni da nake wanke maka riga ban sani ba?"

"Nneka, tsaya ki ji…"

Ban tsaya ba. Na shige ɗakin Dindu na turo ƙofa. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Abu biyu ne suke cina: ya bar hanyar da muka tsaya a kanta gaban Allah, ya kuma mai da ni baƙuwa a gidana. Na biyun ya fi zafi, in dai gaskiya zan faɗa.

Washegari na kira yayana Nwafor a Katsina. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba. Kafin azahar ya iso, gumi na zuba, ko ruwa bai sha ba ya fara. Ya ce addininmu ya hana mai bi haɗa rayuwa da wanda ba ya bi, aure ya ƙare, in haɗa kayana da na Dindu. Yaya Nwafor mutum ne mai ƙaunata, amma in ya ɗauki magana ba ya ajiyewa sai ya gaji don kansa.

Na haɗa kayan. Ina ninke zannuwa ina jin kamar fatata nake ninkewa. Ba na son tafiya. Amma in zama da Obi saɓon Allah ne, yaya zan yi? Wannan ita ce tambayar da ta tsaya mini a rai.

Yaya ya ce kafin mu kama hanya sai mun biya wurin Fada, limamin cocinmu, don in ji da kunnena, kada gobe in ce shi ya raba ni da mijina.

Fadanmu tsoho ne, Bahaushe daga wajen Malumfashi, ba ya gaggawar magana. Muka same shi a gindin darbejiyar da ke harabar coci. Ya bar Yaya ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sannan ya cire tabarau ya goge.

Ya ce gargaɗin da Yaya ya kawo yana nan, amma an fi yin sa ga wanda bai riga ya yi aure ba, don ya san nauyin da zai ɗauka. Ko a nan ma, in ji shi, coci takan zauna ta duba, ba kora take yi ba. Wanda kuwa aure ya riga ya ɗaure, maganarsa daban ce. Ya ce tun zamanin Manzo Bulus ake samun gidan da ɗaya ya bi, ɗaya bai bi ba, kuma koyarwar da ya bari ita ce, muddin wanda bai bi ba ya yarda a zauna, mai bi ba shi da dalilin fita. Alkawarin da muka yi a gaban bagadin coci bai mutu don Chimaobi ya sauya wurin ibada ba.

Sai ya juyo gare ni.

"'Yata, ya ce ki tafi?"

"A'a, Fada."

"Ya ce ki bar coci?"

Na sunkuyar da kai. "Ban bar shi ya yi magana ba."

"To kin haɗa kaya a kan amsar da ba ki ji ba. Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Nima zuciyata ta yi nauyi, ni na ɗaura auren nan. Amma je ki tambaye shi abu biyu: yana son zama da ke? Zai bar ki da addininki cikin salama? In ya ce e, gidanki ne."

Yaya Nwafor ya yi ta gyara zama. Ya ce to Dindu fa? Fada ya ce wannan maganar iyayenta ce, kuma sun fi iya yin ta in suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Yaya bai ji daɗi ba.

Ban koma gida ba, shago na nufa. La'asar ta yi, rana tana dukan kwanon rufi. Na hango Obi zaune a benci, leɓɓansa sun bushe, yana juya wani fulogi a hannu ba tare da yana kallonsa ba. Sai a lokacin na lura ya rame. Kalilu na ganina ya tuna yana da aiki a bayan layi.

Na tsaya a kansa. Na ce Fada ya aiko ni da tambaya biyu, amma ni ma tawa ce.

"Kana son zama da ni?"

Ya ɗago, idanunsa suka kawo ruwa. "Nneka, me kike tsammani ya sa na ɓoye? Kullum in na yi niyyar faɗa, sai in hango ki da akwati a tasha. Na yi kuskure, na sani. Tsoron rasa ki ne ya mai da ni maƙaryaci."

"Cocina fa?"

"Wa yake kai ki ran Lahadi?"

"Kai."

"To ni zan ci gaba da kai ki. A ƙofa zan tsaya, amma ni zan kai ki, ni zan ɗauko ki. Na tambayi malamin da nake karatu a wurinsa tun ranar farko, ya ce aurenmu yana nan, kuma ba ni da ikon tilasta miki komai."

Ashe shi ya riga ni yin tambaya. Wata huɗu yana riƙe da amsar da za ta kwantar mini da hankali, tsoro ya hana shi miƙo ta. Na ji haushi ya taso, na ji tausayi ya danne shi. Na zauna kusa da shi a bencin, duk baƙin man da ke jiki.

"Obina," na ce, "ka yi addininka, in yi nawa. Zan yi ta yi maka addu'a, kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Nima ina yi miki."

"To Allah ya ji da mu. Amma abu ɗaya: kada ka sake ɓoye mini yunwarka."

Maganar Dindu ba mu gama ta ranar ba. Har yau muna yin ta, wani lokaci da zafi, amma a tabarma ɗaya.

Da yammar nan na kwance kayan da na ɗaure. Yaya Nwafor ya zauna a tsakar gida yana cika yana batsewa, ya ce shi dai da ya ci abinci zai tafi. Na ɗora tukunya, na dama furar Ummukulsum da ta rage. Ana kiran magariba na ajiye wa Obi dabino da ruwan sanyi. Ya yi bisimilla, ni da Yaya muka yi alamar gicciye, muka sa hannu a kwano ɗaya. Yaya ne ya fara tura masa nama gabansa, fuskarsa a ɗaure, ya ce mutum ya wuni bai ci ba ai sai a bar masa.

Da safe Obi ya ɗauki makullin mashin zai fita, na miƙa masa kular cike da miyar agushi. Ya tsaya yana kallona.

"Nneka, kin manta ina…"

"Wa ya ce taka ce? Ka kai wa Ummukulsum. Kwana tara tana ciyar da ni fura, ba zan bar kwanonta ya fi nawa kunya ba. Taka tana nan a kan wuta, sai ka dawo mu ci tare."