Jinin Da Ba Ya Son Sanyi

"Ka tafi kawai, Masoyi..." Tari ya sarƙe ta kafin ta ƙarasa. Da ta janye hankici daga bakinta, sai ga jini.

Saurayin nata, tela ne mai sanyin hali, bai motsa daga gefen gadon asibitin ba. Ido ya zuba wa ƙafafunta da suka kumbura suntum, duk jajayen tabo.

Likita ya riga ya yi musu bayani. Ciwon hantar da ta ɗauka wajen ƙarin jini tun tana ƙarama ne ya haifar da wani sinadari a jininta, mai daskarewa da ya ji sanyi. Ya taɓa ƙoda, yanzu ya hau huhu.

"Auta, Mama ta ce ka taso," in ji yayarsa daga bakin ƙofa. Ko zama ta ƙi yi. "An fasa bikin nan. Mata za ka aura ko jinya? Ga 'yar Kawu can, kullum sai ta tambaye ka."

Budurwar ta juyar da fuska bango. Gaskiya Yaya ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi zafi.

Nas ta shigo ta ɗebi jininta a 'yar kwalba, sannan ta tsaya tana waige-waige.

"Flas ɗinmu ya fashe. In jinin nan ya huce kafin ya isa ɗakin gwaji, aikin banza ne, kuma sai da sakamakon za a fara magani. Wa zai sa shi a hammata ya biyo ni?"

"Jinin mai ciwon hanta?" Yaya ta ja baya. "Auta, kada ka kuskura!"

Ya riga ya ɓalle maɓallin rigarsa.

"Masoyi, na ce ka tafi..."

"Ai tafiyar zan yi, rabin raina. In na dawo ki sake kora ta, yanzu sauri nake."

Ya sa kwalbar a hammata, ya fita hannu a manne da haƙarƙari, yana tafiya a karkace kamar kaza mai karyayyen fiffike. Dariya ta zo mata, tari ya riga ta fita, hawaye suka biyo.

Yaya ta daɗe a tsaye tana kallon ƙofar. Can ta yi tsaki, ta miƙa hannu ta kashe fanka.

"An ce ba kya son sanyi," ta ce, ba tare da ta dube ta ba. "Ina bargon naki?"