Wa Ya Danna F9?

A shekarar da fari ya ƙone gero a Damagaram, buhu sittin na taimakon mutanen Tirmini suka ɓace daga magazar ajiyar wata ƙungiya a unguwar Kara-Kara. Aka kira Insifekta Alkasum.

Bai tarar da ƙofa a fashe ba. Kwamfuta kuwa ta nuna an fitar da geron da yardar Lidiya, mai shigar da sunayen mabuƙata.

"Ke kika amince a fitar?"

"A'a, Mushe Alkasum," in ji ta. "Suna nake bugawa, in danna maɓallin Antire, in wuce na gaba. Idona na kan katin mutane."

"To yaya yardarki ta shiga?"

"Ban sani ba."

Alkasum ya juya ga Habu, mai riƙe da makullin magaza.

"Kai fa?"

"Ranka ya daɗe, ko kunna abin nan ban iya ba. In takarda ta fito, in buɗe ƙofa."

"Kana zuwa teburinta?"

"Gaisuwa kawai."

Kan Alkasum ya ɗaure. Ya sa Lidiya ta buga sunaye a gabansa, babu abin da ya faru. Ya zauna da kansa, ya buga, haruffan suka faɗa wani gurbi daban. Ya goge, suka sake ɓata masa. Da ya gaji, ya jingina, gwiwar hannunsa ta danne maɓallan sama.

Nan take wata 'yar taga ta buɗe a kan sunayen: a fitar da kaya? Alamar zaɓi ta riga ta koma kan "I". Alkasum ya kai yatsa ga Antire don ya kore ta.

"Kar ka danna!" Habu ya ɗaga murya. "F9 ka taɓa, zai fitar da..."

Alkasum ya juyo gare shi.

"Wanda bai iya kunnawa ba," in ji Alkasum a hankali.

Habu ya sunkuyar da kai. Ya ce yakan dafa teburin yana gaishe ta, ya taɓa F9, Antire ɗinta ya ƙarasa aikin kafin ta ɗago. Buhu arba'in na shagon surukinsa, saura an sayar.

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi ta gaban matan da ke jira da ƙwarya.

Alkasum ya dubi tagar da ke buɗe har yanzu, ya ɗage hannuwansa biyu sama.

"Madam, zo ki rufe abin nan kafin ni ma in saci gero."