Na'urar da Ta Yi Shiru a Rumbun Alhaji Issaka

A wata rumfar kayan lantarki kusa da kasuwar Arzèkè ta Parakou Hassoumi ya fara ganin Roukaya. Yana jujjuya wani ɗan allon lantarki mai kama wifi, irin mai arha, ita kuma ta zo sayen dalma.

"Da wannan za ka haɗa abin sayarwa?" ta tambaye shi. "A kan tebur ai duk suna aiki."

Ita ma lantarki ta karanta. Ya yi mata bayanin na'urarsa: tana auna danshi a rumbun masara, ta turo saƙo a waya kafin hatsi ya lalace. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa yi masa.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Alhaji Issaka na Onklou a yankin Djougou, ya fi son Sanoussi, mai shigo da na'urori masu tsada daga Kwatano.

"Yaro, sa taka a rumbuna damina guda," Alhaji ya ce wa Hassoumi. "In ta yi shiru, kai ma ka yi shiru. Kafin nan kada in gan ka a Djougou."

Hassoumi ya koma ɗakinsa a unguwar Kpébié ta Parakou, inda ba mai yi masa sallama sai mai kawo ruwa. Kowace safiya na'urar kan turo lambar danshi, Roukaya ta biyo da nata: "Injiniyana, ka karya kuwa?"

Ranar arba'in lambar ba ta zo ba. Kwana uku shiru. Ya rubuta mata: "Hasken idona, na faɗi. Ki gaishe da Sanoussi."

Ta amsa: "Kai dai ka iya saurin sallama. Bari in duba."

Ta hau tsanin rumbun ta tarar da tasar ƙarfe kife a kan na'urar. Rufin ne ke yoyo, Alhaji da kansa ya rufe ta don kada ta jiƙe.

"Baba, ƙarfe yana tare rezo, saƙo ba ya fita."

"To, in bar ta ruwa ya kashe wa yaron mutane aure?"

Tana ɗage tasar, lambar ta isa Parakou.

Hassoumi ya rubuta a littafinsa cewa allon zai yi, muddin an fito da eriyarsa waje, domin manomi zai rufe abin da yake so.

Bayan girbi aka ɗaura aure a Onklou. Alhaji ya sa tasar cikin kayan amarya. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma sa kada ɗayansu ya daɗe yana karin kumallo shi kaɗai.