Sunan Da Malama Zenobia Ta Goge

Rana na gab da faɗuwa a garin El Alto, Malama Zenobia tana fere dankali, 'yarta Nayra na zaune gaban kwamfuta. Mako biyu ke nan da ranar matattu, ranar da kowane gida ke shirya wa mamatansa tebur da burodi, washegari a sallame su da addu'a. A bana Malama ta buɗe wa ajinta takarda ɗaya a intanet, kowane ɗalibi ya shiga daga gida ya rubuta sunayen mamatansa. An kwashe tebura duka. Takardar ce ba wanda ya tuna ya sallama.

"Mama, wani yana rubutu a ƙasan takardar, kuma ba ɗan ajinku ba ne."

"'Yan jakar uba, sun fara." Ta miƙo jiƙaƙƙen yatsa, ta goge sunan ba ta ko karanta ba.

Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya sake faɗowa.

Kwana tara, duk magariba haka. Nayra ta daina cin abinci. Takan zauna fuskarta ga bango, yatsunta na bugun ƙasa kamar mai danna haruffa. Malama ta bi tarihin gyare-gyaren takardar layi-layi. Gyaran kowane yaro na nan, amma gurbin sunan da ta goge fari fat.

Aka ɗauko Tata Anacleto, tsohon mai duba da ganyen koka. Ya watsa ganyen a kan mayafi, ya daɗe yana kallo.

Sai ya juya ga Nayra. "Wane ne kai?"

Bakin yarinyar ya buɗe, muryar namiji ta fito, a gajiye.

"Ba ni da kowa, Tata. Kowane tebur da masu shi. Wannan kaɗai na tarar an ce kowa ya shiga."

"To faɗi sunanka, a mayar, a sallame ka da burodi."

"Shekara da shekaru ina nemansa. Sau ɗaya ya faɗo mini, na rubuta. Ta goge."

Tsohon ya yi tayin tunkiya, ya yi tayin addu'a duk shekara. Muryar ta ce marar suna ba ya wucewa.

"A ba ni sunan yarinyar, in tafi da shi. Jikin na bar muku."

"Ɗauki nawa," in ji Malama.

"Naki ya tsufa a jikinki, ba zai ciru ba."

Tata Anacleto ya tattara ganyensa, bai dubi kowa ba. "'Yata, iyakar abin da na iya ke nan."

Malama ta jawo kwamfutar. A ƙasan jerin matattu ta rubuta sunan 'yarta da hannunta, tsohon ya yi addu'ar sallama, ta rufe takardar.

Jifa ta tsaya. Yarinyar ta tashi, ta sha miya kwano biyu, har ta koma makaranta. Kullum da safe uwar kan tsaya a bayanta, ta ce a hankali, "Nayra." Yarinyar sai ta ci gaba da taje gashinta, kamar ba da ita ake ba.