Takalmin Akawal

Ana saukowa daga Juma'a Tanimu mai gyaran kofato ya faɗo komisariya, ofishin 'yan sanda, yana haki. An sace dokin sukuwar da ake jinya a gidanshi na Sabon Gari, baƙin ingarma mai suna Akawal.

Sufeto Inusa bai tsaya jin dogon bayani ba, ya ce su tafi gidan.

Turke na nan, babu doki. A kan katanga an aje takalmin ƙarfe guda, an jera ƙusoshinshi a gefe.

"Wannan fa?"

"Na ƙafar dama ce ta gaba, ranka ya daɗe. Kofaton ya tsage, na sa ƙarfen ya riƙe shi. In ya kwana babu shi tsagar za ta kai nama."

"Kai ka cire?"

"Ina masallaci."

Sufeto ya juya takalmin. An zare shi da awartaki a tsanake, ko ɓarɓashin kofato babu. Ɓarawon da zai sayar da doki ba ya tsayawa cire mishi takalmi da rana tsaka.

Mai dokin, Alhaji Abdulmutallib, a garin Tsibiri yake, suka wuce can har da Tanimu. Tun kafin su zauna ya hau faɗa.

"Ku rufe wannan maƙerin! Shi ya sayar da shi!"

"Alhaji, ni ke rufewa, ba kai ba. Wa ke iya ɗaga ƙafar dokin nan?"

"Ba kowa. Cizo gare shi."

"To wa ya kula da shi har ya girma?"

Alhaji ya kau da kai. Tanimu ne ya amsa: "Akwai Maman Lawali, tsohon da ya rene shi tun yana ɗan duƙushi. Ran da zan buga ƙusa ya riƙe mini hannu, wai dokin Maradi a yashi yake tafiya, ba a soka mishi ƙarfe. Alhaji ya kore shi a gabana."

"Ai ba kora ba ce," in ji Alhaji.

"Mi ce ce?"

Alhaji ya hau gyaran hularshi.

Sufeto ya kira jandarmomi masu tsaron ƙauyuka ya shaida musu zai shiga Jiratawa, ƙauyen Maman Lawali. A gidan tsohon, matarshi Rahmatu ta tare su a zaure.

"Malam ya tafi Dakoro tun jiya."

"Inna, kashin nan na ƙofar gida fa?"

"Na jaki ne."

"Jakinki ya ci gero da kanwa kenan. Ni ɗan ƙauye ne, Inna, kar mu ɓata wa juna rana."

Ta ja mayafi ta nuna hanyar fadama da baki.

Bayan gonar zogale suka iske su. Akawal na tsaye cikin taɓo har idon ƙafa, tsohon na gefe yana kore mishi ƙuda.

"Maman Lawali?"

"Ni ne. Ni na kwance shi, kuma ni na cire ƙarfen. Ba sata na yi ba, magani nike mishi. Laka mai sanyi ke ja zafin kofato, haka ubana ke yi."

"Ubanka na ɗaukar dokin mutane ba izini?"

"Yaro, ka san doki?"

"Na san sata. Fito da shi."

Tsohon ya jawo dokin bisa tudu yana cika baki, ya ɗaga ƙafar ya share taɓon da gefen riga don kowa ya gani. Sai ya ƙura wa kofaton ido.

Tafiyar ta buɗe tsagar har bakin gashi. Laka ta cika ta, jini na tsattsafowa.

Tanimu ya durƙusa ya danna da yatsa, dokin ya zabura.

"Zai warke?" in ji tsohon.

"Zai yi tafiya, Baba, in Allah ya yarda. Sukuwa kam ya gama."

Maman Lawali ya sauke ƙafar a hankali. Sufeto ya fiddo ankwa, ya dube shi, ya mai da ita aljihu.

"Wuce mota, Baba."

Ya wuce. Dokin ya yi haniniya a bayanshi, bai waiwaya ba.